Wa Ya San Yawan Marasa Gida A Auyo?

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Wannan magana ita ce take faɗo mana a rai duk shekarar da kogin Haɗeja ya cika ya tumbatsa, ya fasa gaɓa, ya bi gonaki da gidajen mutanen ƙasar Auyo. Da an shiga watan Agusta ko Satumba sai a ji a rediyo cewa dubban mutane sun rasa gidajensu, manya su zo jaje da motocin hatsi da tabarmi da gidajen sauro, a yi jawabi, a koma Dutse. Amma da wani zai tsai da mai jawabin ya ce, ranka ya daɗe, dubu nawa ne, su wane ne, a ina suka kwana jiya, kuma mutum nawa ne daga cikin waɗanda ruwan bara ya kora suka koma ɗakunansu, da wuya ya sami amsar da ta wuce kintace. Ra'ayinmu a nan shi ne, lokaci ya yi da ƙaramar hukumar Auyo da gwamnatin Jihar Jigawa za su bar kintace, su ƙidaya marasa gida da sunayensu da wuraren kwanansu, kuma su fara aikin tun da rani, kafin ruwa ya zo.

Ya kamata mai karatu, musamman wanda bai san ƙasar ba, ya fara fahimtar dalilin da ya sa wannan matsala ta zaunu a Auyo. Auyo tsohon gari ne, kuma ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 8 na masarautar Haɗeja. Kogin Kano da kogin Calawa su ne suke haɗuwa su zama kogi guda, ya bi ta Wudil da Ringim ya gangaro gabas, kuma idan ya iso wannan yanki sai ya tarar da ƙasa a kwance, fadama shimfiɗaɗɗiya, inda ruwa ba ya samun gangaren da zai yi gudu, sai dai ya bazu. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka kuma gama ta Calawa a 1992, halin kogin ya sake. Da can yakan cika da damina ya ƙafe da rani. Yanzu kuwa ruwa yana tafiya a cikinsa kusan duk shekara, wannan ya ba ciyawar kacala damar yaɗuwa, ita da laka suka toshe hanyoyin ruwa da yawa. Saboda haka idan ruwan sama ya yi yawa, madatsun suka cika suka zubar, sai kogin ya kasa ɗaukar abin da aka ɗora masa, ya nemi hanya ta cikin gari.

Wannan ruwan kuma shi ne arzikin Auyo. Da shi ake noman shinkafa da alkama da kayan lambu, kuma a ƙasar Auyo ne Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin noman rani na kwarin Haɗeja a watan Janairu na 2023, bayan an gyara shi an faɗaɗa. Don haka babu mai hankalin da zai ce mutane su kwashe kayansu su bar fadama. Suna nan, ruwa kuma zai ci gaba da zuwa, kamar yadda ƙasar kogin Haɗeja ta gan shi a 2001 da 2010 da 2018 da 2020 da 2022. Abin da yake dawowa haka a kai a kai ya wuce a kira shi ba-zata. Ya zama abin da hukuma za ta yi wa littafi da tanadi, kamar yadda take yi wa jarrabawar 'yan makaranta ko rabon takin zamani.

To, bari mu duba abin da kintace ya jawo mana a baya. A watan Satumba na 2010 gwamnatin Jihar Jigawa ta bayyana cewa ambaliya ta raba mutum miliyan 2 da muhallinsu, watau kusan rabin mutanen jihar ke nan, tun da ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum miliyan 4 da 'yan kai. Labarin ya zaga duniya, aka kuma yi ta gardama a kan ko sakin ruwan madatsun ne ya jawo ɓarnar ko yawan ruwan sama. Haka nan a 2022, shekarar da ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin Nijeriya, ta kuma kori fiye da mutum miliyan 1 daga gidajensu, ministar ma'aikatar jinƙai ta lokacin, Hajiya Sadiya Umar Faruk, ta ce Jigawa ce ta fi kowace jiha shan wahala, Bayelsa kuwa ba ta cikin goma na farko. Mutanen Bayelsa suka fusata, aka kwashe kwanaki ana cacar baki a jaridu. Ba mu nufin yanke hukunci a kan wanda ya fi wani gaskiya. Abin lura shi ne, duk lokacin da adadi ya fito daga baki ba daga littafi ba, wanda bai so ba zai iya ƙaryata shi, wanda kuma yake neman riba zai iya kumbura shi, talakan da ɗakinsa ya rushe kuwa yana zaune a gefe yana jiran a gama musu.

Kafin a ƙidaya, dole a san wanda za a ƙidaya. A biranen Turai da Amurka marar gida a fili yake, ana ganinsa kwance a bakin titi ko a tashar jirgin ƙasa. A ƙasar Hausa kuwa zumunci da kunya sukan rufe abin, har baƙo ya ratsa gari ya ce bai ga marar gida ko ɗaya ba. Idan aka duba Auyo da kyau za a tarar marasa gida kashi-kashi ne. Na farko su ne waɗanda kowa yake gani, watau masu fakewa a azuzuwan makarantun firamare, da masu kafa rumfar leda a kan tudu ko a gefen hanyar mota. Na biyu su ne waɗanda 'yan'uwa suka kwashe: maigida yana kwana a zauren wansa, matarsa ta koma gidan iyayenta, yara an rarraba su tsakanin kaka da gwaggo. Gidan ya watse, amma tun da babu wanda ya kwana a waje, ba sa fitowa a lissafin kowa. Na uku su ne waɗanda suka koma bayan ruwa ya janye suka tarar ginin ƙasa ya zube, suka kewaye kangon da zana suna kwana a ciki. A takarda an ce sun koma gida, alhali kuwa ba ɗaki suka koma ba.

Ban da waɗanda ruwa ya kora, akwai waɗanda dama can ba su da wurin kwana tabbatacce. Akwai 'yan ci-rani da 'yan ƙwadago masu zuwa yankan shinkafa da aikin lambu, waɗanda sukan kwana a rumfunan kasuwa da tashar mota. Akwai makiyayan da ruwa yake tasar rugarsu, su yi gaba ba tare da kowa ya rubuta cewa sun taɓa zama a wurin ba. Akwai masu taɓin hankali da tsofaffi marasa galihu. Akwai kuma almajirai, waɗanda suke da malami da makaranta, amma sau da yawa makwancinsu zaure ne ko rumfa, kuma idan ruwa ya ci makarantar su ne ba su da dangin da za su kwashe su a garin. Mun ga abin da ya faru a 2020, lokacin annobar korona, sa'ad da gwamnonin Arewa suka yanke shawarar mai da almajirai jihohinsu na asali, aka riƙa ɗibar yara a motoci daga wannan jiha zuwa waccan, Jigawa ma ta karɓi nata. Da kowace makarantar allo tana da littafin sunayen yaranta da garuruwan iyayensu, da wahalar da yaran suka sha ba ta kai haka ba.

Sauran ƙasashe sun daɗe da gane cewa marar gida ba ya shiga ƙidayar da ake bi gida-gida, sai an yi masa tasa dabarar. A Amurka akan zaɓi dare ɗaya a ƙarshen watan Janairu, ma'aikata da 'yan sa kai su bazu cikin birane su ƙidaya masu kwana a waje da masu kwana a gidajen agaji. Birnin Paris na ƙasar Faransa ya fara irin wannan a watan Fabrairu na 2018, aka raba birnin yanki-yanki a kan taswira, aka ba kowace ƙungiya nata yankin, aka sami kimanin mutum 3,000 a dare guda. A Indiya, lokacin ƙidayar 2011, an keɓe daren 28 ga Fabrairu domin marasa gida, aka sami fiye da mutum miliyan 1 da dubu 700. Hikimar dare ɗaya ita ce kada a ƙidaya mutum sau biyu, domin wanda ya kwana a tasha yau yana iya kwana a kasuwa gobe. Wannan hikima ce da za mu ɗauka. Amma ita kaɗai ba za ta wadatar a Auyo ba, domin za ta kama kashin farko ne kawai, ta bar wanda yake zauren wansa da wanda yake cikin kango.

Kada kuma wani ya ce a jira ƙidayar ƙasa. Rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun watan Maris na 2006, wadda aka shirya yi a 2023 kuwa an ɗage ta. Yaron da aka haifa a Auyo a shekarar waccan ƙidaya ya isa aure yanzu. Ko da an yi sabuwa gobe, ƙidayar ƙasa hoto ne na mako guda, ba za ta gaya wa shugaban ƙaramar hukuma wanda ruwan bana ya kora daga Gamsarka ko Ayama ba. Wannan aiki ne na gida, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin mamaki ma shi ne, ƙidaya ba baƙuwar ƙasar nan ba ce. A zamanin En'e kowane mai unguwa ya san yawan mazan da suka isa biyan haraji a unguwarsa, dagaci yana da lissafinsa, hakimi yana da malamansa masu rubutawa, kuma jangali bai bar saniya ko ɗaya a daji ba a ƙirga ta ba. Duk wannan an yi shi da alƙalami da takarda, a kan doki da keke. A 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, wadda Auyo take cikinta a lokacin, kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, talakawa kuma suka yi murna, sun kuwa cancanci su yi. Ba kiran a dawo da haraji muke yi ba. Tambayarmu ita ce, yaya aka yi lokacin da ƙidaya take domin a karɓa daga hannun talaka ba ta gagari hukuma ba, sai yanzu da ta zama domin a ba shi?

Ko a zamaninmu ma an yi irin aikin. Masu allurar rigakafin shan-inna sun bi gidajen Jigawa ɗaya bayan ɗaya shekara da shekaru, suna sa alama da alli a jikin bango, mata ma'aikata suna shiga har cikin gida. Da aka ga taswirar da ake zanawa da hannu tana tsallake ƙananan ƙauyuka da rugage, sai aka koma amfani da hotunan tauraron ɗan'adam da wayoyin hannu, aka gano wuraren da ba a taɓa zuwa ba, har aka kai ga tabbatar da kawar da cutar daga Nijeriya a watan Agusta na 2020. Haka nan a 2007 gwamnatin Alhaji Sule Lamido ta fara biyan naƙasassu Naira 7,000 kowane wata, abin da ba ya yiwuwa sai da jerin sunaye. Ashe ke nan ilmin yana nan, ma'aikatan ma suna nan. Abin da ya rage shi ne a juya su wajen wannan aiki.

Shawararmu ita ce a yi ƙidayar sau uku a shekara, a kan taswira guda. Ƙaramar hukumar Auyo tana da mazaɓu 10. A fara da zana taswirar kowace mazaɓa, a nuna unguwar da ruwa yake fara shiga, da tudun da mutane suka saba gudu su hau, da makarantun da ake fakewa, da wuraren da mota ba ta zuwa sai kwalekwale, da rumfuna da zaurukan da baƙi suke kwana. Tsofaffin gari da masunta sun san wannan fiye da kowane injiniya, sai dai ba a taɓa zama an rubuta daga bakinsu yadda ya kamata ba.

Ƙidaya ta farko a yi ta a watan Afrilu ko Mayu, hanyoyi suna bushe, kowa yana gidansa. Mai unguwa ya fita tare da malamin makaranta da ma'aikaciyar lafiya, a rubuta kowane magidanci da yawan mutanen gidansa, da irin gininsa, na ƙasa ne ko na bulo, da tsofaffi da naƙasassu da ke ciki, sa'an nan kowane malamin allo da almajiransa da garuruwansu. A ba kowane gida lamba da kati. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda ya jira sai ruwa ya kai gwiwa sa'an nan ya ɗauko littafi, abin da zai rubuta shi ne sunan wanda ya fi ƙarfin turereniya.

Ƙidaya ta biyu a yi ta idan ruwa ya zo, a dare ɗaya a dukan mazaɓu 10, kamar yadda ake yi a ƙasashen da muka ambata. A bi makarantu da tuddai da tasha da kasuwa, a kuma bi gidajen da suka karɓi baƙi, a tambayi kowa lambar gidansa ta rani. Da haka za a san wanda ya bar gidansa da inda ya nufa, har waɗanda suka tsallaka Haɗeja ko Kafin Hausa wurin dangi. Ƙidaya ta uku, wadda a ganinmu ta fi sauran muhimmanci, a yi ta cikin hunturu, a watan Janairu, lokacin da masu jaje sun daɗe da tafiya, sanyi kuma ya sauka. Duk wanda har lokacin bai koma ƙarƙashin rufin kansa ba, shi ne marar gida na haƙiƙa, kuma yawan irinsu shi ne adadin da ya kamata ya shiga kasafin kuɗin ƙaramar hukuma da na jiha.

Mun san akwai masu ja. Wasu za su ce da zarar mutane sun ji ana rubuta suna za su san rabo ne yake tafe, sai gida mai mutum bakwai ya zama mai ashirin, 'yan siyasa kuma su cusa magoya bayansu. Wannan tsoro yana da tushe. Maganinsa shi ne rubutun rani, lokacin da babu buhu ko ɗaya a ƙasa, da kuma karanta jerin magidantan kowace unguwa a bainar jama'a a ƙofar gidan dagaci. A ƙauye kowa ya san gidan kowa, kuma ƙaryar da za ta wuce a ofis ba za ta wuce a gaban maƙwabta ba. Abin da ya shafi lalurar mutum kuwa, kamar taɓin hankali, ya tsaya a hannun ma'aikatan lafiya, kada a tona asirin kowa.

Wasu kuma tsoronsu shi ne kada littafin ya zama makami, a yi amfani da shi a kama almajiri ko a kori ɗan ci-rani ko a tashi mutane daga gonakin gadonsu da sunan kare su daga ruwa. Wajibi ne hukuma ta faɗa da babbar murya, ta bakin hakimi da limamai, cewa wannan rubutu na taimako ne, ta kuma cika alkawari, domin ranar da aka kama mutum ɗaya da littafin, daga ranar babu wanda zai ƙara faɗin sunansa na gaskiya. Akwai kuma masu ƙyamar a ƙirga musu 'ya'ya don gudun baki. Sai malamai su tuna musu cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, shi ne ya kafa diwani, aka rubuta sunayen jama'a domin kowa ya sami rabonsa daga baitulmali. Masu cewa babu kuɗi kuwa, sai su auna kuɗin littattafai da alawus na 'yan kwanaki da asarar da ake yi idan motar hatsi ta sauke kaya a inda ba a fi bukata ba.

Amfanin wannan littafi a bayyane yake. Hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, da ta tarayya wadda aka kafa a 1999, za su san buhu nawa za su aika da ƙauyen da za a kai. Sashen ilmi zai san makarantun da za a rufe da yawan yaran da karatunsu zai tsaya, ya nemi wani wurin tun da wuri. Idan aka ga unguwa ɗaya tana fitowa a littafin shekara uku a jere, an sami hujjar ba mutanenta filaye a kan tudu kusa da gonakinsu, ko ta gina jinga a daidai wurin. Hukumar kula da ilmin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 2023, ita ma za ta tarar da abin da za ta fara da shi. Kuma ranar da gardama ta sake tashi a Abuja a kan jihar da ta fi shan wahala, wakilin Jigawa zai ajiye littafi a kan tebur, gani kuwa ya kori ji.

Kiranmu na ƙarshe ga ma'aikatan gwamnati ne da ɗalibai. Ma'aikacin da aka ce ya kawo adadi kafin azahar, ya zauna a ofis ya ƙaga, ya sani cewa sifirin da ya ƙara ko ya rage hakkin wani ne. Ɗaliban Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da na Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja, musamman masu karatun labarin ƙasa da lissafi da aikin lafiya, ga aiki nan a ƙofar gidansu wanda ya fi kwafar littafin wani amfani, kuma malamansu suna iya mai da shi aikin binciken kammala karatu. Shugaban ƙaramar hukuma da hakimai su kira taro kafin damina mai zuwa, a fara ko da mazaɓa ɗaya ce, a ga abin da zai fito. Allah Ya kiyaye mutanen Auyo da sauran mazauna bakin kogi, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amanar da aka ɗora musu, amin.